Motar da Na'urarku ta Ce Babu Ita a Duniya

Alhaji Lauwali Isa,
Shiyar Masallaci, Magarya,
Ƙaramar Hukumar Wurno,
Jihar Sakkwato.
Litinin, 10 ga Fabrairu, 2025.

Zuwa ga:
Shugaban Sashen Sauraron Koken Masu Saye,
Kamfanin Dillancin Motoci na Madubin Rima,
Sakkwato.

Ranka shi daɗe,

GAME DA: KASA TABBATAR MINI KO AN YI WA MOTATA KIRANYE

Bayan gaisuwa irin ta addinin Musulunci da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ni mai suna a sama, manomin albasa, ina gabatar da kokena kamar haka.

1. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba, 2024, na sayi farar mota a kamfaninku, irin wadda ke shan fetur, kuma ake jona ta da lantarki a yi mata caji kamar waya. Ba ta da ƙara ko kaɗan. Nakan iso ƙofar gida iyalina ba su ji ba, abin da ya taimake ni ƙwarai wajen sanin ra'ayinsu a kaina.

2. Ranar Lahadi, 12 ga Janairu, ƙanin matata Abdulƙadir, mai kamun kifi a Goronyo, ya turo saƙon murya cikin zauren danginmu na waya. Ya ce masu ƙera wasu motoci irin tawa sun yi musu kiranye, wato a maido su a gyara, don batirinsu na iya ɗaukar zafi har ya kama da wuta. Ni a sanina ɗan majalisa kaɗai ake yi wa kiranye. Matata Hajiya Turai ta saurari saƙon sau huɗu, sannan ta kwashe kayanta daga ɗakin da ke jikin rumfar motar.

3. Washegari na kira ofishinku. Ma'aikaciyarku Malama Firdausi ta ɗauka, kuma ina shaida mai ladabi ce. Ta ce in karanto mata lambar jikin motar mai gida goma sha bakwai, wadda ke ƙasan gilashin gaba. Na tarar na manne wurin da sitika mai cewa hassada ga mai rabo taki. Na kankare ta da wuƙa, na karanta. Ta shigar cikin na'ura, na'ura ta ce motata tarakta ce mai huɗa a wata ƙasa. Ranka shi daɗe, da tarakta ce da ba ka ji kukana ba, don shekara uku ke nan muna neman ta a Magarya. Malama Firdausi ta ba ni shawarar in daina yi mata caji, in aje ta nesa da gini har a tabbatar.

4. Na bi shawara. Na kai ta tsakiyar masussukar gero a bayan gari, inda take har yau. Tun da anka gan ta can, mata masu zuwa rijiya sunka canza hanya, mai shayin da ke bakin filin ya kwashe tebur ya koma yamma, jama'a kuma sunka raɗa mata suna Saura Ƙiris. Hakimin shiyarmu ya aiko sau biyu yana tambayar ranar da za ta tashi, don a sanar da mutane. Ni da na shiga Wurno a mota mai sanyi, yanzu a bayan babur nike shiga, da babbar riga a naɗe bisa cinya. Ba na faɗin wannan don a tausaya mini. Na faɗa ne don ya shiga fayil.

5. Ranar Talata, 21 ga Janairu, na ari tabarau na sake karanta lambar ta waya, harafi bayan harafi. A wanga karon na'urarku ta ce babu mota mai wagga lamba a duniya baki ɗaya. Ina tsaye ne a lokacin, hannuna na dafe da ita. Na tambaya, to mi na dafa?

6. Ranar Alhamis, 30 ga Janairu, na zo ofishinku da ƙafata, ɗauke da hoton lambar a waya. Anka ce wanda ya iya dubawa sosai, Malam Mujaheed, ya tafi suna Rabah. Na bi shi Rabah, anka ce sunan a Rara ake yi. Na iske shi a Rara yana cin naman suna. Ya dubi hoton, ya nuna mini cewa babban ɗan yatsana ya rufe lamba huɗu na ƙarshe. Wannan kuskure guda na amsa nawa ne. Sauran duka naku ne. Ya yi alkawarin zuwa Magarya ranar Litinin. Yau ce Litinin ta biyu.

Saboda haka ina roƙonka cikin girmamawa:

a) A turo mutum mai lafiyar ido ya karanta lambar da kansa, a duba ta yadda ya dace.

b) In an yi wa motar kiranye, ku zo ku ɗauke ta ku gyara. In ba a yi ba, a ba ni takarda mai hatimi wadda za a karanta a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a, don mutane sun daina yarda da maganata. In kuma na'urarku ta tsaya kan cewa babu motar, shi ma a rubuto, in nuna wa Hajiya Turai ta koma ɗakinta.

c) Duk wanda za a turo, ya zo a hankali. Kazar maƙwabciyata Ma'u ta yi kwanci a ƙarƙashin motar bisa ƙwai tara, kuma Ma'u ta rantse ba mai tada wagga mota kafin Juma'a, 21 ga wata, ranar da take sa ran ƙyanƙyasa, ko da masu ƙera ta ne sunka zo da kansu. A duk Magarya kazar nan kaɗai ta yarda da kamfaninku. Ina roƙon kada a ba ta kunya.

Allah shi ƙara girma, shi taya ka riƙo.

Naka mai biyayya,

Alhaji Lauwali Isa Magarya
(Sa hannu)