Amsar da na ba Maman Praise a bakin ƙofa

Litinin, 3 ga Maris, 2025

Azumi na uku. Sista Kyauta, shugabarmu a asibitin unguwa, ta ɗora min jawabin safe na wannan watan gaba ɗaya. Wai Hidaya ce mai murya. Ni kuma maƙogwaro a bushe tun ƙarfe tara.

Nasihar bazara ce dai irin ta kowace shekara, na haddace ta kamar karatun allo. A sha ruwa da yawa tsakanin buɗa-baki da sahur. A bar taga a buɗe, kada a kwana a cunkushe saboda sanƙarau. A kawo yara rigakafin ƙyanda. Mai ciwon suga ya ga likita kafin ya ɗauki azumi. Tambayoyin ma ba sa canzawa. Allura na karya azumi? Na ce wannan a tambayi malam. Mangwaro na kawo zazzaɓi? Shekara tara ina cewa sauro ne, shekara tara ana tambayata.

Alhamis, 6 ga Maris

Ba wuta tun jiya. Bango ma zafi yake kamar an dafa shi.

Talata, 11 ga Maris

Yau na ga mutum sittin da wani abu. Na dawo gida Fadikpe saura minti ashirin a sha ruwa, ko kunu ban dama ba, ga mijina Badaru ya ce zai zo da abokinsa. Ina cusa makulli a ƙofa sai ga maƙwabciyata Magdalene, Maman Praise, ta baro kaskon ƙosanta ta tsallako titi da cikinta a gaba. Wata bakwai yanzu, ina jin. Kamar kullum da "kai" take kirana, shekara shida muna maƙwabtaka ta kasa riƙe "ke". Wai Anti Nas ka duba min, kai na sara mata kwana biyu, ƙafa ta kumbura silifa ba ya shiga. Na ce zafi ne, ga tsayuwa a bakin wuta, ta sha ruwa sosai ta riƙa ɗaga ƙafa. Awonta sai ƙarshen wata. Ta yi godiya, ta aiko min da ƙosai mai zafi, shi ya rufa min asiri wajen baƙon.

Gobe in tuna in karɓo katunan rigakafi.

Asabar, 15 ga Maris

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Ranar hutuna ce. Maza sun tafi masallacin Juma'a, titi shiru. Ina wanki na ji Praise na ihu, yarinyar shekara biyar, irin ihun da ba na wasa ba. Na fita da kumfa a hannu. Magdalene a ƙasa gefen murhu, tana jijjiga, ido ya kafe, haƙora sun datse harshe. Allah ya taimaka ba ta ɗora mai ba tukuna, wake take wankewa. Wata tsohuwa na neman cusa mata cokali a baki, na ture hannunta, ko haƙuri ban ba ta ba. Na juya ta gefen hagu. Na tare keke. Asibitinmu ba ma aiki irin wannan, sai muka wuce babban asibiti, kanta a cinyata, ina ta kiran sunanta.

Hawan jininta ɗari da casa'in bisa ɗari da ashirin. Na ga lambar da idona.

Suka yi mata allurar jijjiga, zuwa la'asar aka shiga da ita tiyata aka ciro ɗan. Namiji. Ɗan mitsitsi, yana kwalba. Mijinta, mai suna Jiya, ya iso daga wurin aikin walda da baƙin mai a riga, ya durƙusa a gabana a baranda, mutane na kallo. Na ce ya tashi don Allah. Ya ƙi tashi.

Lahadi, 16 ga Maris

Ta farfaɗo, amma ba ta san inda take ba. Uban, Jiya, ya sa wa yaron suna Goodness. Na leƙa shi ta gilashi. Ƙirjin na ɗagawa da sauri-sauri, na san irin wannan numfashin.

Litinin, 17 ga Maris

Goodness ya rasu da hantsi. Ina kan jawabin mangwaro lokacin.

Laraba, 19 ga Maris

Na koma na karanta abin da na rubuta ranar Talatar nan. Akwai abin da ban rubuta ba.

Bayan ciwon kai da ƙafa ta faɗi na uku. Ta ce idonta na ganin wuta-wuta, kamar an watsa taurari. Na ji ta sarai. Fuskarta ma ta yi suntum, na gani, har na ce a raina Maman Praise ta yi ƙiba. Ciwon kai, kumburi, gani dishi-dishi, ga ciki wata bakwai. Ɗalibar shekarar farko ta san wannan. Ni da bakina na sha koya wa masu awo shi ranar Laraba.

Kuma abin gwada hawan jini yana cikin ɗakina. Wanda na saya wa Hajiya, surukata. Yana durowar gado, taku goma daga inda muke tsaye. Minti uku zai ci.

Kunu nake tunani. Wallahi kunu.

Juma'a, 21 ga Maris

An sallamo ta. Duk layin nan labarina ake, Anti Nas ta ceci rai. Mai shagon kwana ya ƙi karɓar kuɗin sabulu. Na shiga gaishe ta tare da matan layi, na zauna can bakin ƙofa inda ba za mu haɗa ido ba. Ta rame, ruwan nono na jiƙa mata riga. Ba ta ce komai ba sai "na gode" ga kowa. An ce masu jijjiga sukan manta kwanakin da suka gabata. Na kama kaina ina fatan haka ne. Astagfirullah.

Litinin, 24 ga Maris

Na gaya wa Badaru bayan sahur da ya dawo daga masallaci. Ya ce kwanan yaron ne ya ƙare, ko na gwada ko ban gwada ba. Na sani. Na yi imani da haka. Amma bai hana ni jin abin da nake ji ba. Ya ce kada in kuskura in faɗa musu, zaman lafiyar maƙwabtaka zan ɓata, su ma in ƙara musu ciwo. Wataƙila gaskiyarsa ce. Wataƙila kuma don maganar ta yi min daɗi ne nake ganin gaskiyarsa.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. Mijin Magdalene, Jiya, ya kawo doya manya guda biyar daga gonar babansa a Maikunkele, wai tukuicin Maman Praise. Na aika musu da tuwo da miyar taushe kamar kowace shekara. Doyar tana bayan ƙofar kicin. Na kasa fere ko ɗaya.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Sista Kyauta ta tsare ni a ɗakin allura, wai kwana biyu jawabina ba rai, ina karantawa kamar mai sanarwar cigiya. Sai kawai na faɗa mata komai. Na ɗauka za ta lallashe ni. Ta cire tabarau ta ce:

"Kin yi kuskure, Hidaya. Ba zan ce miki ba ki yi ba. Da kin gwada, wataƙila a samu kwana uku a shirya huhun yaron. Wataƙila kuma duk da haka ya tafi. Ba ki da hanyar sani, kuma ba za ki taɓa samu ba."

Na yi kuka har hijabina ya jiƙe. Ta bar ni na gama. Sannan ta ce ita ma tana da nata, wata yarinya mai gudawa a shekarar da ta fara aiki, har yau ta san kalar ɗankwalin uwar. Ba ta ƙara bayani ba. Ta ce in wanke fuska, mutane na jira.

Abin mamaki, maganarta ta fi ta Badaru sauƙin ɗauka.

Laraba, 9 ga Afrilu

Ranar awo. Mata talatin da biyu a benci, kowacce na fifita da katinta. Na karanta nasihar zafi, da na zo wajen "a sha ruwa" sai na dakata. Na ajiye takardar. Na ce duk mai cikin da kanta ke sarawa ko idonta ke ganin wuta-wuta, kada ta yarda kowa ya ce mata zafi ne, ko da mai farin kaya ne. Wata ta yi dariya ta ce ko ke, Anti? Na ce har ni.

Uku suka biyo ni ciki. Biyu lafiya lau. Ɗaya mun tura ta gaba.

Talata, 15 ga Afrilu

Kullum ta bayan layi nake zagayowa gida yanzu. Ya fi nisa, ga kwata.

Talata, 22 ga Afrilu

Na faɗa wa Magdalene.

Ban shirya ba. Mijinta Jiya ne ya roƙe ni in riƙa gwada mata jini tunda likita ya ce a sa ido, ba yadda zan ƙi. Na shiga da yamma, Praise na wajen kakarta tun Ista. Na ɗaura mata abin a hannu, yana hurawa, ita tana kallonsa. Ta tambaya ko na asibiti ne. Da na ce e, da shi ke nan. Na ce nawa ne, yana ɗakina tun bara.

Sauran maganar ta fito da kanta. Ban san da wane tsari na faɗa ba. Na ce ranar da kika zo bakin ƙofa ya kamata in gwada ki, na san alamun, na yi sauri ne kawai.

 Injin ya gama, ya saki hannunta, ba wanda ya duba lambar.

"Na tuna," ta ce. "Ban manta ba. Na sha ruwan, Anti. Jarka guda nake shanyewa kullum, don ka ce."

Da ta zage ni da ya fi.

Can ta ce ita ma ta ji daɗi da na ce zafi ne, don ba ta so ta rufe kasko a watan azumi, lokacin ciniki. Da na ce ta je asibiti, ba ta san ko za ta je ba. Na ce kada ta ɗauke min laifina. Ta ce ba ɗauke min take ba, nata take faɗa. Sannan ta ce ta gaji, tana so ta kwanta.

Ba ta ce ta yafe ba. Ni ma ban roƙa ba, na ga ba ni da bakin roƙo tukuna.

Asabar, 26 ga Afrilu

Sun tafi Maikunkele, wai za ta huta wajen surukarta. Mijin nata Jiya ya gaishe ni da safe, a tsaye, gajeriyar gaisuwa. Ya sani ke nan. Badaru bai ce "na gaya miki" ba, Allah ya saka masa, amma na ga maganar a fuskarsa.

Litinin, 12 ga Mayu

Ruwa ya sauka sosai. Mun cire takardar bazara daga bango mun manna ta damina. Gidan sauro, a tafasa ruwan sha, a kwashe kwata, ruwan gishiri da suga in yaro ya fara gudawa, kada a sha maganin zazzaɓi sai an yi gwaji. Murhun Maman Praise na nan a tsallaken titi, ciyawa ta fara fitowa a tsakanin duwatsun.

Doya biyu sun tsiro a bayan ƙofa. Na ba da aron almakashin ɗinki na karɓo, na share kicin, na yi komai ban da taɓa su. Ƙarshe Badaru ya kai wa Hajiya.

Alhamis, 5 ga Yuni

Sun dawo shekaranjiya. Yau na sauka daga keke na tarar ta hura wuta, layin mutane har bakin kwalbati. Ban zagaya ba, ruwa ya cika bayan layin ne kawai.

Na yi sallama, ta amsa. Ba fara'a, ba ɗaure fuska. Na tsaya a layi kamar kowa. Da aka zo kaina ta zuba ƙosai a takarda, ta rage murya yadda na baya ba zai ji ba, ta ce surukarta ta fara maganar wani cikin, ita kuma tsoro take ji. Yaushe ne ba haɗari? In ta sake ɗauka, abin zai dawo?

Ina da amsa. Har ta zo bakina, irin wadda nake bayarwa a benci.

Na ce, "Ban sani ba, Maman Praise. Naki sai likitan da ya yi miki aiki. Laraba mai zuwa zan ɗauki hutu, in kina so mu je tare."

Ta juya ƙosan da ke cikin mai, ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce ƙarfe nawa.

Na ce bakwai. Ta ce bakwai da rabi, sai ta kai Praise makaranta.

Ba wani abu ba ne, rakiya ce. Ƙosan ya ɗan yi gishiri. Na cinye.