Telan da Ba Shi da Fuska

Tudun Wada, Gusau
Agusta, 1958

Zuwa ga mai ɗakina Shafa'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da abin da kike ɗauke da shi. Ki gaishe mini da Baba da Inna da dukan mutanen Bungudu.

Ƙanenki Tambaya ya sauka lafiya daga jirgin ƙasan Zariya, zai kwana biyu a wurina kafin ya ƙaraso gida. Malamansu na makarantar zane sun ce kowa ya komo daga hutu da hoton wani mai sana'a, shi ne ya zaɓe ni. Kullum sai in sa babbar rigata mai aska biyu in hau keken ɗinki, ina ta zufa, shi kuwa yana gefe da katakonsa da fenti, yana cewa in yi aikina in manta da shi. Ya hana ni leƙawa. Na dai gaya wa mutanen layinmu su zo ranar Juma'a su ga abin da ya fi na mai hoton bakin kasuwa.

Allah ya sauke ki lafiya.

Mijinki,
Bala Tela

Tudun Wada, Gusau
Agusta, 1958

Zuwa ga Shafa'atu,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya nauyin jiki? Na san Tambaya ya riga takardar nan isowa, ban san abin da ya gaya muku ba. Ga yadda aka yi.

Da aka sauko daga masallaci mutane suka cika rumfata, har da Alhaji Abdullahi mai yadi, wanda nake yi wa ɗinki. Tambaya ya yaye ƙyallen da ya rufe katakon. Shafa'atu, babu fuska. Wani mutum ne shuɗi ya duƙa, bayansa kamar dutsen Kwatarkwashi, kowane hannu ya fi kansa girma. Rigar da na sha zufa a cikinta ko zare ɗaya bai fito ba. Sai Alhaji ya ce, "Bala, ashe aljani ke yi mana ɗinki." Dariya ta ɓarke har da masu riƙe ciki.

Tambaya ya fara bayani, wai shi ba kamanni yake bi ba, nauyin aikin yake so a gani. Na katse shi a gaban kowa, na ce ashe shekarun nan abin da ya tafi koyo ke nan, abin da yaro zai yi da gawayi a bango. Ya ɗaure kayansa ya nufi tasha, ya bar katakon. Ni kuma na toshe bakin akurki da shi.

Yanzu ko kasuwa za ni, ta bayan layi nake bi, don yara sun sa mini suna. Ki ja masa kunne.

Mijinki,
Bala

Tudun Wada, Gusau
Satumba, 1958

Zuwa ga Shafa'atu,

Ina gaishe ki, ina gaida su Baba, da fatan kowa ƙalau. Na ga ba ki amsa mini ba, kuma ban ga laifinki ba.

Innata ta zo daga 'Yandoto duba ni. Da safe ta fita watsa wa kaji tsaba, sai na ji shiru ya yi yawa. Na leƙa na same ta tsugune tana goge katakon da bakin zanenta. Ta ce, "Wa ya aza ubanka bakin akurki?" Na ce ai ni ne aka zana. Ta ce, "To ka ɗauko zamanshi. Haka yake duƙawa bisa saƙa, kafaɗar hagu ƙasa, sai dai ka ga baya da hannuwa." Daga nan ta yi kuka.

Kin san ina ƙarami ya rasu, kuma ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Fuskarsa ta daɗe da ɓace mini. Amma da na tsugunna kusa da Inna na duba, sai na tuna wannan bayan, shi nake gani idan an aike ni kai masa fura. Ban san haka nake zama ba. Ni dai na so a zana rigata.

Har yau ban gane dalilin shuɗin ba, ba zan yi miki ƙarya ba. Abin da ya fi damuna, ruwan sama ya cinye hannun dama, kaji kuma sun yi nasu. Na wanke iya ƙoƙarina, na naɗe shi a sabon yadi, na ba Bawa direba ya kawo muku, tun da ba zai yiwu Tambaya ya koma makaranta hannu biyu ba. Idan malamansa sun tambayi abin da ya sami hoton, ya faɗi gaskiya, ya ce telan ne ya ba kaji.

Sai da na liƙe waccan takarda na aika na tuna ba ki karatun boko, na kuma tuna wanda zai karanta miki ita. Ke nan Tambaya da bakinsa ya karanta cewa a ja masa kunne. To, mai karatu, kada ka tsallake abin da ke biye, ka ɗaga murya su Baba su ji, yadda na ɗaga tawa a rumfa: Tambaya, na ci mutuncinka ba da hakki ba. Ka yafe mini.

Allah ya sada mu da alheri.

Naku,
Bala