Makullin Ruwa Mai Fito

Litinin, 3 ga Fabrairu
Tsohon nan ya sake yi. Makullin ruwan banɗakina nake nufi, wanda ke ƙasa kusa da bango. Ko na murɗe shi har hannu ya yi ciwo, sai ya ɗiga. In za a kawo ruwa kuwa, iska ce take fara zuwa ta bututu, shi kuma ya kama fito kamar butar shayi. Ina jin sa na leƙa tsakar gida na ce an kawo. Kowa ya fito da bokiti.

Laraba, 5 ga Fabrairu
Hafsat mai awara, ta ɗakin ƙarshe, tun da safe: "Maman Kevin, ya yi kuka?" Ni ko ina kwana ba na samu, sai shi ake gaisarwa. Ta dai zauna mun sha shayi, ta ba ni labarin rabin Kakuri.

Asabar, 8 ga Fabrairu
Kevin ya zo daga Kudenda, ya shiga banɗaki, santsi ya kusa kayar da shi. Ya fito da fushi irin na babansa. "Mama, in ke ce kika faɗi fa?" Gaskiyarsa. Zai turo mai gyara.

Talata, 11 ga Fabrairu
Malam Zakariyya'u mai gyaran famfo ya cire tsohon, ya nuna min robar ciki, duk ta cinye. Ya naɗa farin zare, ya ɗaura sabo mai jan hannu, juyi ɗaya ya rufe ruf. Ya goga yatsa a ƙarƙashinsa ya nuna min, a bushe. Na ji daɗi sosai, har na shiga ba takalmi don kawai in taka busasshen siminti. Tsohon na jefa a kwandon albasa.

Alhamis, 13 ga Fabrairu
Shiru. Ashe haka masu kuɗi suke zaune.

Asabar, 15 ga Fabrairu
An kawo ruwa da rana, an ɗauke, ba wanda ya sani a gidan nan. A bakin maƙwabta muka ji, da muka ga shanyarsu. Hafsat ta riga ta jiƙa waken suya, babu ruwan tacewa, 'yan garuwa kuma ba su biyo ba. Waken ya yi tsami. Ta wuce ƙofata ta shige ɗakinta, shi ne ma ya fi damuna.

Lahadi, 16 ga Fabrairu
Na dawo daga coci na dafa shayi, na ga na ɗauko kofi biyu. Ba wanda ya ƙwanƙwasa. To me za a tambaye ni?

Laraba, 19 ga Fabrairu
Na kira Malam Zakariyya'u. Sabon yana nan daram, ba na son faɗan Kevin. Na dai tambaye shi ko tsohon zai hau bututun waje, wanda ke gindin tagata. Ya juya shi a hannu, ya dube ni. "Mama, wannan ai ba ya rufewa." Na ce na sani, ƙarfe mai kyau ne, ba na son asara. Ya ɗaura shi, na sa tukunyar na'ana'a a ƙarƙashinsa saboda ɗigar.
Na sayo madara babban gwangwani. Arha na samu, shi ke nan.