Ƙwayar da Baba Ya Jefa a Bayan Kwali

Zuwa ga Uwata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da ma'aikatan maɗaba'arku. Mu nan lafiya lau, in ban da gwiwata da ke kuka kamar ƙofar shago.

Aikin da kika ba ni na gama. Na tara Mai Aski da Tela da Mai Walda da Tsohon Masinja a kan teburin da nake gyaran rediyo, muka gwada wasan naki Asabar huɗu a jere. Kowa ya ɗauki ɗan mutum-mutumin jaruminsa, ni kuma na zama mai jan labari yadda kika koya mini: ina karanta littafin, ina jefa wa dodo ƙwayar nan mai fuska ashirin a bayan kwali, inda ba mai gani sai ni. Ni da aka kora daga aji huɗu saboda surutu, ga shi da tsufa surutun ya samu aiki. Tela ya ce a gaya miki, rigar ƙarfe ba ta da aljihu, a ina jaruminsa yake zuba kayan da yake tsinta?

Takardar gwajin na cike, na sa hannu: huɗu sun shiga Ramin Gishiri, inda dodon yake, huɗu sun fito.

Wai ni kam, takardar nan wa zai karanta ta? Tambaya ce kawai.

Babanki.

*

Baba,

Ina gaishe ku da ladabi. Allah ya ba gwiwa sauƙi.

Takardar ta tafi kamfanin da ya mallaki wasan. Mu ƙananan maɗaba'u ba mu da izinin sayar da sabon labari a kan wasansu sai sun buga mana hatimi. Hatimin kuma sai da shaidar cewa mutanen waje sun gwada, an ga ana iya cin wasan. Ranar Alhamis ta sama, mai tantancewarsu za ta buga babin ƙarshe da mutanenta, ta kwatanta da sakamakonku. Bara wata maɗaba'a ta kai shaidar ƙarya, aka soke sunanta har abada, littattafanta suka koma takardar ƙunshe kaya.

Da ina tsoron dodon ya yi ƙarfi da yawa, har na yi niyyar rage masa. Da na ga huɗu sun fito, sai na bar shi yadda yake. Kun cire mini ƙaya.

Me ya sa kuka tambaya?

'Yarku.

*

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Nemi kujera kafin ki ci gaba. Ban kira ki a waya ba don na san bakina, zai mai da maganar raha.

Ba wanda ya fito daga ramin nan da gaskiya.

Ranar da muka kai babin ƙarshe, Mai Aski daga asibiti ya zo, takardar likita na leƙowa daga aljihunsa. Ba mu tambaye shi ba. Hannun da ya shekara arba'in yana riƙe aska a wuyan mutane, ranar nan jefa ƙwaya ma sai da ya sa hannu biyu. Dodo ya fito, ya nufi jarumin Mai Aski, wato maharbinsa. Na jefa a bayan kwali: sha tara. Littafinki ya ce daga sha biyu zuwa sama, jarumi ya mutu. Na ɗago kai, Mai Aski ya zuba mini ido. Uwata, da wane bakin zan ce masa "ka mutu"? Sai na ji na ce, "Ya kuskure ka!" Mai Walda ya daki tebur don murna har kusoshina suka watse.

To, tunda na yi wa ɗaya, sauran ukun me suka yi mini? Sau goma sha ɗaya dodon nan yana kuskure. Tela har cewa ya yi a kai shi gwajin ido.

Tun da wasiƙarki ta iso na rufe shago, na jera murafen kwalba huɗu a madadinsu, na buga tsakani da Allah. Sau tara. Ko murfi ɗaya bai kai ƙofa ba. Abinci ma na daina ci. Babur ya tsaya a ƙofar shago sai in ce kamfani ne suka aiko, alhali ba su ma san ina duniya ba. Ke suka sani. Sunanki ne a bangon littafin. Shekara uku kina gini, na zo da biro na rushe.

Ki ce musu tsohon bai yi makaranta ba, bai iya ƙirga ba. Ai rabin maganar gaskiya ce. Alhamis saura kwana uku.

Babanki, in har yanzu kina so.

*

Baba,

Ina gaisuwa. Ba zan ce ba ku iya ƙirga ba, ga shi kun ƙirga sha ɗaya daidai.

Na kira mai tantancewar da kaina, na faɗa mata komai. An riƙe hatimin, an tsayar da bugu. Kwamitinsu zai zauna ƙarshen wata, ko su yafe ko su soke mu. Ba ta yi mini alkawari ba. Abu ɗaya ta nema: sahihiyar takarda daga mutanen nan huɗu, kafin in taɓa dodon.

Ku sake bugawa ranar Asabar. Ku jefa ƙwayar a tsakiyar tebur, kowa yana gani. Har da Baba Mai Aski.

Ina fushi, amma ku ci abinci.

'Yarku.

*

Uwata,

Gaisuwa. Ga takardar: huɗu sun shiga, ba wanda ya fito.

Mai Aski ne na biyun faɗuwa. Ƙwayar ta gangara ta tsaya a gabansa, sha bakwai. Shi ya karanta lambar da kansa, ya kwantar da ɗan maharbinsa a kan tebur, ya ce, "To, ashe haka abin yake." Na lalubi abin ban dariya, ban samu ba.

Da zai tafi ya tambaya yaushe za a sake. Na ce sai kamfani sun yanke hukunci, ke kuma kin gyara dodo, wataƙila wata biyu. Ya daɗe a sunkuye yana sa takalmi. Ya ce in gaya miki ki yi sauri.

Babanki.