Reshen Kanyar Ƙofar Gidanmu

Yaya Bello,

Gaisuwa mai yawa. Ya Ikko, ya aikin soja, ya Hajara da yara? Mu nan Ƙofar Atiku lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Jitar lantarkin da ka bar mini ce ta hana ni sukuni. Jakinta, ɗan katakon nan da wayoyi ke hawa, ya tsage, ga shi an ɗauke mu wasan biki bayan salla. Na kai wa Danjuma kafinta, ya ce yana da busasshen maɗaci. Na ƙi.

Yaya, masu aikin sabon titi sun sare kanyar ƙofar gidanmu. Inna ko leƙowa ba ta yi ba. Ni na bi motarsu na roƙi guntun reshe, kuma shi nake so a yi sabon jakin da shi.

Danjuma ya ce, "Sani, iccen nan ɗanye ne. In na sassaƙa yanzu murɗewa zai yi, sai bayan damina."

Kullum sai na je na ɗaga shi in ji ko ya rage nauyi. Abokan kiɗana sun ce in yarda da maɗaci ko su nemi wani. Jitarka ce, ka faɗa mini da wuri.

Ka sa mu a addu'a, ka gaida kowa. In ka zo, kada ka yi kwatancen gida da kanya. Abin da ya rage mana nata yana ƙarƙashin bencin Danjuma.

Ƙanenka,
Sani