Duniyar da Na Zana Miki a Jikin Duma

Zuwa ga Zulfa, furen badon da ya buɗe a tsakiyar tafkin zuciyata, sanyin safiyar fadama, giginyar da nake hange daga nesa amma inuwarta take faɗawa gonar wasu.

Assalamu alaikum. Ina miƙo miki gaisuwar da kika hana ni ranar da muka yi ido huɗu a kan jingar kogi. Ni ne Bakari, mai zanen ƙwarya na bakin kasuwar Haɗeja, in har aikin Abuja bai goge sunan daga ranki ba.

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa a rumfata? Kin taso daga makarantar da kike koyarwa, ƙurar alli a gefen mayafinki, kina rungume da ƙwallon duniya na roba da ɗalibanki suka kayar ya tsage. Kika ce, "Malam, ko za ka iya ɗinke mana duniya?" Na ce roba ba ta karɓar ɗinki irin na ƙwarya, amma zan yi miki sabuwa. Wayyo Zulfa! Da na san abin da bakina ya jawo mini, da na ce miki ban iya ba, na ci gaba da zanen ƙoren fura cikin kwanciyar rai.

Sau uku ina cin kasuwar Kafin Hausa kafin na samu duman da ya kewaye daidai, babu tudu babu kwari. Kwana arba'in ina ƙona shi da wuƙar wuta. Kullum bayan la'asar kina zuwa ki zauna a bencina, ki riƙa nuna mini da ɗan yatsanki mai lalle: nan ƙanƙara ke narkewa, nan daji ke ƙarewa, nan Tafkin Chadi ke tsukewa. Muryarki kamar kukan tsuntsuwar kirinjijiya a kan ruwa da hantsi! Na rina tekuna da baba, na babbake inda hamada ta ci, na bar wa dazuzzuka ɗan kore kaɗan yadda kika ce sun rage. Da na tambaye ki ina koginmu, kika ce ya yi ƙanƙanta, ba a sa shi a ƙwallon duniya. Na ƙi ji. Na zana shi da faɗin yatsa, da ciyawar kacala da ta shaƙe masa wuya, da zalɓe tsaye a bakinsa. Kika yi dariya har da hawaye, kika ce na yi wa manyan kogunan duniya rashin adalci. Wace rana ce ta kai wannan haske a rayuwata? Ban sake ganin irinta ba.

Kika kai duman bajekolin ranar muhalli a Dutse, aka tafa miki. Daga can aka wuce da shi Abuja, ke ma kika bi shi, wata ƙungiya ta ɗauke ki aikin wayar da kan jama'a. Wallahi na yi murna! A lokacin kawuna Shu'ibu ya riga ya kai goro gidanku, mahaifinki ya karɓa da hannu biyu. Kika aiko a ƙara zana wasu irin duman nan, na ƙara, har idanuna suka fara ruwa saboda hayaƙi. Na ji an ce suna nan a manyan ɗakunan taro, cikin gilashi, sanyin na'ura na kaɗa su, masu manyan riguna na tsayawa a gabansu suna girgiza kai don tausayin duniya.

Sai ruwan ya zo mana, na gaske, ba na baba ba.

Da hantsi ya fasa jinga. Kafin azahar shinkafarmu da ta fara fitar da kai ta nutse, katangar gidanmu ta zauna kamar an jiƙa gari. Shanun mahaifina bakwai, biyu muka gani. Inna Rahmatu, mahaifiyata da kike kira Innarmu, a kwalekwale aka fito da ita tana rungume da Alƙur'aninta da tukunya ɗaya. Mako bakwai muna kwana a ajin makarantar firamare, sauro na cin mu, zazzaɓi na zaga yara ɗaya bayan ɗaya. Kullum ina duban hanya, ina ce wa zuciyata: Zulfa za ta zo.

Kuma kin zo. Kaico, da ba ki zo ba!

Fararen motoci uku, da masu ɗaukar hoto. Kika sauko kina sheƙi kamar balbela a cikin laka, riƙe da duman nan na farko. Zuciyata ta yi tsalle kamar kifin karfasa a cikin koma. Kika tsaya a kan jinga, kika ɗora yatsanki a kan kogin da na zana, kina zuba Turanci. Sannan kika juyo, kika nuna ni, kika ce da Hausa don kowa ya ji, "Ga ɗaya daga cikin mutanen da abin ya shafa." Ɗaya daga cikin mutane! Ni, Zulfa? Ba ki ce ga wanda ya yi wannan da hannunsa ba. Ba ki ce ga wanda iyayena suka karɓi goronsa ba. Na sunkuya zan wanke ƙafata, wani daga cikin mutanenki ya ce in bar lakar, hoton zai fi kyau. Kina ji, kika juya wajen masu hoto.

Wannan duka na haɗiye. Amma Inna ta taso da sandarta, ta miƙo miki hannu tana cewa, "'Yata, kin zo?" Kika ce, "Sannu, Mama, Allah ya kiyaye gaba," a tsaye, ba ko rusunawa, idonki na kan agogo. Har yau tsohuwar nan cewa take yi ba ki gane ta ba ne, wai wahala ta sauya mata kama. Ni kuwa na bar ta a haka, don ban da ƙarfin faɗa mata gaskiya.

Ya ke hasken idona, wace irin ƙauna ce wannan, mai iya rungumar duniya ɗungurungum amma ta kasa riƙe hannun tsohuwa ɗaya? Kina kuka saboda ƙanƙarar da ba ki taɓa gani ba, mu da muka nutse a gabanki muka zama kayan ado. Na so in tsane ki. Na gwada, Allah ya sani, na kasa. Ɓacin raina da son ki sun cakuɗe kamar ruwan kogi da na sama, ba mai iya raba su.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Kawu Shu'ibu ya ce shekara ta zagayo, ba wasiƙa ba waya, don haka ranar Juma'a ta sama zai je wurin mahaifinki ya ce mun janye, kada a ce mun ɗaure 'yar mutane. Na roƙe shi ya dakata har in ji daga bakinki. Ki zo, Zulfa. Ki hau motar haya kamar kowa, ke kaɗai, ba mai hoto a bayanki. In kin daina sona, ki dubi idona ki faɗa, zan sa miki albarka in sake ki. In kuma da saura, ko kamar ƙwayar gero, ki durƙusa ki gaida Inna, ni na yafe nawa.

Kada ki neme ni a gidan da kika sani, babu shi. Ki tambayi masu cika buhunan yashi a bakin kogi, ina cikinsu tun daga asuba har rana ta faɗi, domin ruwan bana ma ya fara hawa.

Naki, wanda kika ƙi ambata a gaban mutane, amma bai fasa ambaton ki a gaban Ubangiji ba, kuma ba zai fasa ba har a rufe shi da ƙasa,

Bakari