Dawakai Talatin da Ba Wanda Ya Gani

Zuwa ga Baturen kamfanin sayen gyaɗa da ke Ringim,

Gaisuwa da girmamawa gwargwadon muƙaminka, da fatan kana lafiya. Bayan haka, ni mutuniyar Dutse ce, ina karantar da matan aure a cikin gida. Na sa a karanta wannan takarda a kasuwa kafin ta iso ka, domin a kasuwa aka yi shelar da nake ƙara a kanta.

Da kakar bana mai shelarku ya zaga yana cewa motarku tana da ƙarfin dawakai talatin. Ɗana na fari falke ne, a bayan jakai ya girma. Shi da abokan fataucinsa suka yi lissafi irin nasu: doki ya fi jaki, to me dawakai talatin za su kasa ɗauka? Suka lafta buhuna, direbanku yana kallo. A hawan gaɓar kogi, kusa da Ringim, mota ta yi nishi, suka sauka suna turawa. Injin ya mutu, ta komo da baya. Ɗana yana tsakiyar masu turawa.

Bayan sadakar arba'in na yi lulluɓi na je Ringim, na zauna a ƙofar akawunka har ya gaji ya yi mini bayani. Ga abin da na samo.

Na ɗaya, ranka ya daɗe, dokinku ba ya ɗaukar kaya. Akawu ya ce awo ne kawai: a ƙaddara doki yana jan nauyi sananne daga rijiya, tsawo sananne, cikin lokaci sananne. Wato nauyi da nisa da sauri ne a haɗe. In nauyi ya ƙaru sauri ya ragu. Mai shelarku bai ambaci rijiya ba, bai ambaci lokaci ba. Dawakai ya ce, a gaban mutanen da suka san doki tun suna goye.

Na biyu, a can ƙasarku aka auna injin, shi kaɗai a kan benci, yana juyawa iyakar gudunsa. Babu buhu a kansa, babu rairayi, babu hawa. Akawu ya amsa da bakinsa cewa in gudun injin ya yi ƙasa ƙarfin nan ma raguwa yake, har ya mutu. To a nan ne kuka cuce mu. Doki, sa'ad da tafiya ta yi wuya, lokacin yake kafa kofato ya ba da duk abin da ke jikinsa. Naku kuwa a daidai wurin suka watse, su talatin, ba ko ɗaya da ya tsaya. Na karanta hukuncin ciniki: abin da aka sayar da awo, a gaban mai saye ake aunawa. Wa ya ga awonku?

Na uku, dabba tana magana. Jakin da aka yi wa lodi fiye da kima durƙusawa yake tun a ƙofar gida, a rage masa. Da wannan ɗana ya saba. Motarku ta karɓi komai shiru, sai a gaɓa ta yi magana.

Tun da akawu ya ambaci rijiya na kasa zuwa tamu da hankali kwance. In 'yan mata suna jan guga, sai in ga doki a ƙarshen igiya yana ja, yana ja, igiyar kuma tana komawa baya. In ana niƙa a maƙwabta, gurnanin dutsen ya zama na mota, sai in tsaya ina jiran inda zai yanke. Rannan da rana tsaka na ji sukuwa a bayan katanga, na leƙa, ba kowa.

Yanzu an gyara motar, shela ta dawo, ƙanen marigayin kuma ya fara ɗinke buhuna zai bi motar, domin jakan gidan duk an sayar. Shi kaɗai ya rage mini.

Don haka ina roƙo. A hana shelar nan. A faɗi buhu nawa motar ke iya haurawa da su gaɓa, a gwada a wurin, a gaban fatake, ba kowa a bayanta. In kun ƙi, ku kawo dawakan ƙofar Hakimi mu ƙirga.

A al'adarmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Tun ranar sunansa ban taɓa furta shi ba, ga shi har ya tafi bai ji daga bakina ba. A littafinku na ji an rubuta mutum ɗaya. Sunansa Habu. Ka sa a rubuta.

Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka auna wa mutane da mudun da za ka yarda a auna maka, ya tsare uwarka daga jin abin da na ji.

Wassalam.

Ni ce,
Uwar Habu, Dutse.